Ƙari mai ruwa a cikin ƙanwata, a zuƙe ko sai an yanka?

Abban_Humaira: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema musamman wajen ma'aikatan lafiya da ke cikin gidan nan. Ƙanwata ce shekararta 24, wata takwas da aure, tun kafin bikin ma take cewa cikinta na mata nauyi ta gefen cibiya, ci kaɗan ta ƙoshi, wani lokacin amai. Da cikin ya fara tasowa kowa ya ɗauka juna biyu ne har surukarta ta fara sayen kayan jarirai, aka je awo aka ce babu komai a mahaifa. An yi sikanin sau biyu, na farko ya ce ruwa ne a gidan ƙwai, na biyu ya ce a'a ƙwanta lafiya lau, aka tura mu wani babban hoton ciki da ake kira CT, shi ne aka ce wata jaka ce mai ruwa ta fito a jikin tantanin da ke riƙe da hanji, tsawonta santimita 17. Likitan tiyata ya ce sai an buɗe an cire gaba ɗaya kuma mai yiwuwa a yanke wani yanki na hanjin. To kawunmu ya kawo wani da ke da ɗan asibiti a unguwarsu ya ce shi zai sa allura ya zuƙe ruwan cikin minti talatin ta tashi ta tafi gida. Yanzu gidan ya rabu biyu, Hajiyarmu tana bayan zuƙewa saboda tsoron wuƙa. Tunda ruwa ne kawai me zai hana a zuƙe?

Maman_Sadiq: Wa'alaikumussalam. Allah ya ba ta lafiya ya sa kaffara ne. Ni dai ban san komai a kai ba amma santimita 17 ai ya kusa kai ɗan ƙaramin kankana, subhanallah.

Sista_Tiyata: Malam Abban Humaira, don girman Allah kar ku bari kowa ya soka mata allura a ciki. Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a ɗakin tiyata. Ruwan da kake gani ba daga sama ya faɗo ba, bangon jakar ne yake samar da shi, kamar rijiya ce, ka kwashe yau gobe ta kawo. In ba a cire jakar ba aikin banza aka yi. Sannan hanji yana kwance a kan jakar nan ta ko'ina, mai allurar in ya kuskure ya huda hanji kashi ya zuba a ciki, wannan kuma wata magana ce daban.

Ɗan_Kantin_Kwari: Sista kin faɗi naki amma bari in faɗi nawa. Mahaifiyata da ƙafarta ta shiga asibiti, aka ce ƙari ne a ciki za a cire, kwana huɗu bayan aiki muka ɗauko gawa. Tun daga ranar duk wanda ya ce min tiyata sai gabana ya faɗi. Ni in ni ne zan fara gwada mai sauƙin, in bai yi ba sai a je ga wuƙar.

Sista_Tiyata: Allah ya jiƙan Hajiya ya sa ta huta, Alhaji. Ba zan ce maka tiyata ba ta da haɗari ba, ƙarya ne. Amma mai sauƙin da kake faɗa shi ne yake mayar da aikin gaba mai wahala, saboda bayan an soka wurin yana iya kamuwa da ƙwayoyin cuta, ya yi ruɓa, jakar ta manne da hanji, likitan da zai zo daga baya ya sha wuya kafin ya raba su.

Dr_Mai_Almakashi: Bari in ɗan sa baki, ina koyon ƙwarewa a ɓangaren tiyata ne, kuma ba na duba mara lafiya ta waya, bayani kawai zan yi. Abin da aka kwatanta maka shi muke kira mesentarik sist. Duk wanda ya taɓa tsayawa ana feɗe rago ya ga wani tantani mai kitse da jijiyoyi kamar mafici wanda hanjin ke rataye a jikinsa, to a cikin wannan tantanin jakar take fitowa. Abu ne da ba a cika gani ba, a littattafanmu ana cewa kamar mutum ɗaya cikin 100,000 zuwa 250,000 na manyan da aka kwantar a asibiti, a yara ya fi haka yawa. Wani likita ɗan Italiya Benivieni ne ya fara bayyana shi bayan ya buɗe gawar wani yaro, a littafinsa da aka buga a 1507, sannan wani Bafaranshe Tillaux ya fara cire shi lafiya a 1880. Har yau akwai alamar da muke kira da sunan Tillaux ɗin, in ka dafa ƙullutun zai motsa ta gefe ɗaya amma ya ƙi motsawa ta ɗaya gefen saboda yadda tantanin yake ɗaure.

Yawancinsu ba daji ba ne, kaso kaɗan ne ƙwarai ake samun daji a ciki, wajen 3 cikin 100. Matsalar ita ce hoto ba ya iya rantsuwa. CT zai nuna girma da inda yake da jijiyoyin jinin da ke kusa, amma sunan ƙarin na gaskiya sai an cire an kai ɗakin gwaji an yanka shi siriri an duba a madubin likita. Akwai wani iri mai ruwa mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, yana fitowa daga afendis ko gidan ƙwai, in aka fasa shi a ciki yauƙin nan zai bazu ya ci gaba da haihuwa a ko'ina cikin cikin, kuma magance wannan babban aiki ne da ba kowane asibiti ke yi ba. Shi ya sa muke son jaka ta fito ɗungurungum ba tare da ta fashe ba.

Abban_Humaira: Dakta na gode ƙwarai. To maganar yanke hanjin fa? Wannan ce ta fi tayar wa Hajiya hankali, cewa take yarinya za ta rayu da guntun hanji.

Dr_Mai_Almakashi: Ka gaya wa Hajiya ƙaramin hanji ya kai kusan mita 6 a jikin babba. In jakar ta rungume jijiyar da ke kai jini ga wani yanki, dole a cire yankin tare da ita, in ba haka ba zai mutu ya ruɓe, sai a haɗa bakin biyu a ɗinke. Cire taku ɗaya ko biyu ba ya hana mutum cin tuwonsa. Wani lokacin ma ana ɓare jakar kamar yadda ake ɓare dafaffen ƙwai ba a taɓa hanjin ba, amma likita yana faɗa tun farko ne don kar a ce bai faɗa ba. Kuma barin ta ma akwai nasa haɗarin, nauyinta na iya sa hanji ya murɗe, ko ta toshe shi, ko ta fashe, ko jini ya zuba a cikinta, sai a koma aikin gaggawa da tsakar dare wanda ya fi wanda aka shirya haɗari nesa ba kusa ba.

Baba_Mai_Sassaƙe: Akwai haɗin da muke yi na saiwa da sassaƙe yana narkar da kowane irin ƙari cikin sati uku da yardar Allah ba yanka ba allura. Mai bukata ya yi min magana ta ciki.

Admin_Garba: Baba mun sha faɗa ba a talla a nan. Wannan gargaɗi na biyu ke nan.

Ummu_Khairat: Hmm ni wannan maganar ta taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Shekara uku ina shan irin waɗannan jiƙe-jiƙen, har kaho an yi min a mara, wani wanzami ma ya so ya yi min sakiya mijina ya hana. Nawa a gidan ƙwai ne na dama. Ranar da ya murɗe ina tsakar wanki, wlh ciwon naƙuda wasa ne, a ƙasa na kwanta ina birgima ina amai. Da aka yi aikin aka kawo wa mijina abin a cikin roba, aka yanka a gabansa, sai ga gashi cunkus da wani abu kamar man shanu da haƙori guda biyu. Haƙori fa! Kafin in farfaɗo daga allurar barci labari ya kai ƙauye cewa jifa aka yi min, kuma kowa ya san wadda ake nufi, abokiyar zamana baiwar Allah har kuka ta yi ta rantse da Alƙur'ani. Sai da likitar ta zaunar da surukata ta yi mata bayani cewa da shi aka haife ni.

Zee_Fulani: Innalillahi, haƙori a ciki?? Anti Ummu ni kam da na gani da idona sai na ce jifa ne gsky

Dr_Mai_Almakashi: Zee sunansa damoyid, kuma a cikin ƙarin gidan ƙwai na mata matasa yana daga cikin waɗanda aka fi gani. Yana tasowa ne daga ƙwayar halittar da ke iya zama kowane sashe na jiki, shi ya sa take yin fata da gashi da maiƙo da haƙori har da ƙashi. A Ingila da Indiya da Masar duk ana ciro shi, ba kishiya a zancen. Amma na ƙanwar Abban Humaira daban ne, kar a haɗa.

Ummu_Khairat: Kuma bayan nan na haifi biyu da ƙwai ɗayan da ya rage, ga Khairat ga ƙaninta. Na faɗa ne saboda na san abin da dangin miji za su fara tambaya ke nan.

Abban_Humaira: Kamar kina gidan, Hajiya Ummu. Jiya surukarta ta kira ni tana tambaya wai in an yanka za ta haihu kuwa.

Sista_Tiyata: Nata ma ai ba a mahaifa ko gidan ƙwai yake ba. Sai dai likita zai ce ta ɗan jinkirta ɗaukar ciki har wurin ya warke, ku tambaye shi wata nawa. Kuma gara a cire yanzu da a ce ciki ya shiga ga jariri ga jaka suna rigimar wuri.

Issoufou_Maradi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni tambaya gare ni ga Dakta. Wana yana kiwon raƙuma da tumaki wajen Dakoro, an yi mishi ekogarafi, wato sikanin, an ga jakar ruwa ga hanta, likita ya ce kis idatik ne, wato jakar da wata tsutsa ke haifarwa, kuma shi an ba shi magani albendazol sannan aka sa allura aka zuƙe ruwan, yau shekara biyu lafiya lau. To ya aka yi ku kuke cewa ba a zuƙewa?

Ɗan_Kantin_Kwari: Yawwa! Kun ji ko. Ashe dai ana yi.

Dr_Mai_Almakashi: Malam Issoufou gaskiya ne ana yi, amma dubi yadda aka yi wa wan naka. An fara gano ko wace irin jaka ce, an ba shi albendazol kafin a taɓa shi, an soka ana kallon allurar a na'urar hoto, bayan an zuƙe an zuba wani ruwa mai kashe 'ya'yan tsutsar an sake zuƙewa, ga kayan ceto a gefe, sannan ya ci gaba da shan magani bayan nan. Kuma ba kowace jakar hayidatid, wato kis idatik ɗin, ake yi wa haka ba, sai wadda hoto ya nuna ta dace. Wannan jakar ma ita ce babbar hujjar da ta sa ba a soka ciki da ka, don in ruwanta ya zuba a ciki mutum na iya shiɗewa nan take jini ya faɗi numfashi ya sarƙe, in ya tsira kuma kowane ɗigo na iya zama sabuwar jaka. Alhaji na Kwari, bambancin ke nan da mai minti talatin.

Likitan_Dabbobi_Skt: Wannan fagena ne, ku ba ni wuri. Tsutsar tana zaune ne a hanjin kare, ƙwanta na fita a kashinsa, tumaki da awaki da shanu da raƙuma su ci a ciyawa, sai jakar ta fito musu a hanta ko huhu. A mayanka muna ganinta sosai musamman a huhun raƙumi, za ka ga ƙullutu fari kamar ƙwallon roba, in ka fasa ruwa garau da wasu 'yan ƙananan jakunkuna a ciki kamar 'ya'yan inabi. Abin da ke ba ni haushi mahauci zai yanke wurin ya wurga wa karnukan da ke zagaye, shi ke nan an sake ɗaura zagayen. A mutum ma hanta ta fi kamuwa, sai huhu. Turkana ta ƙasar Kenya ta yi suna a duniya kan wannan cutar saboda yadda suke zama da karnuka.

Zee_Fulani: Wayyo ni da nake son hanta gasasshiya, shi ke nan na daina

Likitan_Dabbobi_Skt: A'a 'yar'uwa ci hantarki. Mutum ba ya ɗauka daga cin naman, daga ƙwan da ke kashin kare yake ɗauka, ta hannu ko ruwa ko ganyen da ba a wanke ba. Kare ne ke ɗauka daga naman. Wanke hannu da wanke latas da kabeji shi ne naki.

Malam_Nura_Hoto: Ni mai ɗaukar hoto ne a asibiti, ina so in kare wanda ya yi sikanin farko da ya ce gidan ƙwai ne, don na ga an fara zaginsa a zuci. In jaka ta yi girma ta cika ciki tana danne komai, gano inda ta samo asali da sikanin kaɗai yana da wuya ko ga gwani. Wasu ma ana ɗauka ruwan ciki ne irin na ciwon hanta ko tarin fuka na ciki, a yi ta ba su maganin fitsari wata da watanni. Na taɓa ganin yaro ɗan shekara shida da aka zuƙe wa ciki sau uku a wani wuri ana cewa ruwa ne, ruwan na fitowa fari kamar madara, ashe jakar hanyoyin ruwan jiki ce, limfanjiyoma, irin wadda aka fi gani a wuya ko hammatar yara. Shawarata ku riƙe faifan CT ɗin da kansa ba takardar sakamako kaɗai ba, duk likitan da za ku je wa zai so ya gani da idonsa. Kuma in za a sake wani hoton da allurar rini a tabbatar an duba ƙoda, a kuma sake gwajin ciki tunda amarya ce.

Hajiya_Turai: Ni nawa a fankiriyas ne, can bayan tumbi. Ina da shekara 46 aka gano, wajen neman dalilin ciwon baya. Suka ce irin mai yauƙi ne wanda kusan mata kaɗai yake kamawa kuma in an bar shi yana iya rikiɗewa ya zama daji, aka yanke wutsiyar fankiriyas ɗin aka haɗa da saifa. Abin da ba wanda ya gaya min da wuri shi ne rashin saifa na sa zazzaɓin cizon sauro ya yi wa mutum mugun kamu, sai da aka yi min alluran rigakafi, yanzu ko Kaduna zan je da gidan saurona a jaka, jikokina har dariya suke min. Ɗana, abin da zan ce maka, ku tambayi likitan sau nawa ya taɓa yin irin aikin, ba rashin kunya ba ne. In bai saba ba ya tura ku asibitin koyarwa, ga na Malam Aminu Kano, ga Shika a Zariya, ga na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ga na Maiduguri da Jos, duk wanda ya fi muku kusa.

Abban_Humaira: Mama na gode, a asibitin koyarwa muke dama. Layin ne dai, an ba mu sati biyar, shi ya sa kawu ya samu bakin magana.

Auwal_Injiniya: Ba a yin na huji ɗin nan ne? Wanda ake sa kyamara ta cibiya. Matar abokina da shi aka cire mata maɗaciya kwana biyu ta koma gida.

Dr_Mai_Almakashi: Ana yi Injiniya, har da irin wannan jakar, amma ya danganta da girma da inda ta manne da kayan aikin da ke akwai da hannun mai yin. A santimita 17 wasu za su fi son buɗewa don ta fito ba ta fashe ba, wasu za su sa ta cikin leda ta musamman a ciki su rage ruwan a cikin ledar su jawo. Ko an fara da kyamara ana iya komawa buɗewa in an ga abin ya fi ƙarfin huji. Wanda ya ga hoton shi zai yanke. Abban Humaira, cikin sati biyar ɗin nan in ta fara ciwo mai tsanani, ko amai kore, ko ta daina bayan gida da tusa, ko zazzaɓi, kar ku jira ranar, ku wuce sashen gaggawa ko ƙarfe nawa ne.

Sista_Tiyata: Tunda an zo maganar tusa, ku shirya mata, bayan aikin hanji kullum da safe sai mun zo mun tambaya a gaban kowa "kin yi tusa?" Amare har rufe fuska suke da mayafi. Alama ce ta hanji ya farka. Kuma dan Allah 'yan dubiya kar a ɓoye a ba ta kunu ko farfesu kafin likita ya ce, mun sha kama kwano a ƙarƙashin gado. Ku nemi masu ba da jini tun yanzu mutum biyu ko uku, kuma takardar amincewa ita za ta sa hannu da kanta bayan an yi mata bayani da Hausa, ba kawu ba.

Ɗan_Kantin_Kwari: Ni har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba amma na ji bayanin Dakta. Abu ɗaya zan ƙara, ku karɓi sakamakon gwajin naman. Mu namu ba mu taɓa komawa mun karɓa ba, har yau ban san me ya kashe mahaifiyata ba, kuma yana damuna.

Malam_Nura_Hoto: Wannan gaskiya ne Alhaji, sakamako da yawa na nan jibge ba a zo an ɗauka ba. Yakan ɗauki makonni, mutane in sun ga ɗinki ya warke sai su manta.

Maman_Sadiq: To ni tambayata, wannan gwajin jinin CA-125 da aka yi wa yayata aka ce ya hau, shi ke nan daji ne? Tun shekaranjiya ba ta barci.

Dr_Mai_Almakashi: Ba lallai ba Maman Sadiq, yana hawa a tarin fuka na ciki, da ruwan ciki na ciwon hanta, har lokacin al'ada ma yana ɗan motsawa. Shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Ki buɗe mata nata zancen daban ki sa shekarunta da abin da hoto ya nuna, kar ya ɓace a nan.

Abban_Humaira: Na karanta wa Hajiya duka a daren jiya, wajen rijiyar Sista ta yi shiru, wajen haƙorin Hajiya Ummu ta ce a'uzubillahi sau uku. Ta ce ta yarda a yi amma sai an kai ta ta ga likitan da idonta ta yi masa tambayoyinta. Kawu kuma ya yi fushi ya ce mun mayar da shi ƙaramin mutum, ya riga ya ba mutumin nasa kuɗin kafin alƙalami. Ita mai ciwon da na tambaye ta cewa ta yi ita dai a cire ta huta da tambayar wata nawa ne. Jinina O ne, mijinta ma zai bayar, saura mutum ɗaya.

Issoufou_Maradi: Da ina kusa da na ba da. Amma Dakta ba ka ce komai ba kan ko ita ma a yi mata gwajin kis idatik ɗin kafin aiki, tunda ba mu san ko suna da karnuka ba.

Abban_Humaira: Ba mu da kare Malam Issoufou, amma ta yi shekara huɗu a rugar kakarmu tana yarinya. Zan faɗa wa likitan ranar Litinin.